Majalisar unguwa da ba ta da iko, me za ta tsinana bayan gobara?

Baƙon_Pasadena:
Salam jama'a. Dan Allah waɗanda suka daɗe a Amurka ku warware min wani abu. Ban kai shekara biyu a Kalifoniya ba, akwai wani dattijo baƙar fata da muke aiki tare, gidansu na Altadena ya ƙone ƙurmus a gobarar dajin nan ta Eaton da ta tashi 7 ga Janairun 2025. Gidan gado ne, a ciki aka haife shi. Ya taɓa kai ni wajen, wlh babu komai sai bututun hayaƙi na bulo a tsaye shi kaɗai da matakalar ƙofa da ba ta kai ka ko'ina, ya tsaya yana nuna min wai nan ne kicin, nan ne ɗakin babarsa. To kullum maganarsa taron majalisar garin, baya fashi, ni duk a zatona irin ƙaramar hukuma ce mai ciyaman da kasafin kuɗi, sai jiya yake ce min ai ko sisi ba sa rabawa, ko izinin gini ba su ke bayarwa ba. To zaman me ake yi? Ba ɓata lokaci ba ne?

Kawu_LA:
Wa alaikumus salam ɗana. Abin da ya rikita ka shi ne Altadena ba birni ba ce a hukumance, duk da mutanenta sun haura dubu 40. Ba ta da magajin gari irin na Pasadena maƙwabciyarta, kai tsaye ƙarƙashin gundumar Los Angeles take. Ita kuwa gundumar mutum biyar ne ke jan ragamarta, a kan jama'a kusan miliyan 10, ka raba ka gani, kowane ɗaya na da wajen miliyan 2. Wadda Altadena ta faɗo a yankinta Kathryn Barger ce. To ka faɗa min ta yaya tsohuwar da gidanta ya ƙone za ta ga wannan matar ido da ido?

Nan ne amfanin majalisar. Tun 1975 aka kafa ta, mazauna ne ke zaɓen wakilai unguwa-unguwa, aikin sa kai ne ba albashi, shawara kawai suke bayarwa. Amma idan sun kira taro jami'an gunduma na zuwa, 'yan kwana-kwana na zuwa, ofishin sharif (wato 'yan sandan gunduma) na zuwa, a tsare su da tambaya a gaban jama'a ana ɗauka a bidiyo. Kusan kamar mai unguwa ne a wajenmu, ba shi da baitulmali amma ta bakinsa kuka ke isa sama. Bambancin kawai wannan zaɓensu ake yi.

Gaskiya_ɗaci:
Kawu da girmanka amma ban yarda ba. Kuka ya isa sama sai me? A daren gobarar yankin yamma da titin Lake ba a tura musu saƙon su fice ba sai bayan ƙarfe 3 na dare, alhali na gabas an sanar da su tun da farkon dare, kuma mutum 19 da suka rasu kusan dukkansu a yamman ne. Yamman nan kuwa shi ne inda baƙaƙen fata suka taru tun zamanin da ake hana su sayen gida a wasu unguwanni. Ina majalisar take a lokacin? Dubi garin Paradise na nan Kalifoniya da ya ƙone a 2018, mutum 85 suka mutu a wannan gobarar, amma su gari ne mai cikakken iko, majalisarsu ita ke yanke hukunci kan tsarin gini da hanyoyi, in ta yi ba daidai ba ka san wanda za ka kayar a zaɓe. A Altadena fa? kowa ya nuna ɗan uwansa.

Kawu_LA:
Saƙon ficewa ba aikin majalisa ba ne ai, na gunduma ne, kar ka ɗora wa jaki kayan raƙumi. Maganar zama birni kuma an sha tayar da ita, amma birni da haraji ake riƙe shi, garin da gine-gine sama da 9,000 suka zama toka wa zai biya?

Maman_Ilham:
Ni dai ku bar batun iko, abin da ke cinye unguwar yanzu kuɗi ne. Kwashe ɓaraguzai an yi, hukumar kare muhalli ta fara ɗebe kayan guba irin su batura da fenti, sannan injiniyoyin soja suka shigo da katafila suka share filaye har da kankare ƙasar sama kamar inci 6, amma gwamnatin tarayya ba ta gwada ƙasar ba a lokacin, kuma da gunduma ta yi nata gwajin an samu gubar dalma da yawa a wasu wuraren da iska ta kai toka. Wanda ya san abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara ba zai ɗauki wannan da wasa ba.

Sai inshora. Tsofaffi da yawa sun gama biyan bashin gida tuntuni, inshorar tasu ta tsohon farashi ce, ba za ta gina ko rabin gidan ba yanzu, ga haya suna biya a wani wuri, wata bayan wata. Sai dillalai su yi ta kira, ga kuɗi a hannu ka sayar da filin ka huta. Shi ya sa kake ganin allunan nan da ke cewa Altadena ba ta sayarwa ba ce. Gwamnan Kalifoniya Newsom ma sai da ya sa hannu a dokar wucin gadi ta hana irin wannan tayin na wulaƙanci. Amma allo ba ya biyan haya, wanda ya gaji zai sayar, kuma ni ban ga laifinsa ba gsky. 'Yan haya kuwa su ko filin ma babu, sun watse kawai ba wanda ya san adadin da zai dawo.

Baƙon_Pasadena:
Na gode ƙwarai. Yanzu na gane dalilin da yake zuwa da wata tsohuwar jaka cike da takardu. Ya ce a wajen taron ne ya haɗu da maƙwabtansa na layi, su shida suna neman ɗan kwangila ɗaya ya gina musu tare ko farashi ya sauko, biyu sun riga sun sayar. Ya ce in raka shi na wata mai zuwa. Kawu, wanda ba mazaunin garin ba ana barinsa ya shiga?

Kawu_LA:
Ƙofa a buɗe take, zaɓe ne dai ba ka da shi. Ka je da wuri, in an zo batun izinin gini kujera na wuya.