Sauya lagireto da fanka bayan ƙara wa mota ƙarfi: me kuka gani a zafin Sakkwato?

Mai Camry, Mabera:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina roƙon duk wanda ya taɓa sauya lagireto ko fanka bayan an ƙara wa motarsa ƙarfi ya faɗi abin da ya gani da idonsa, domin Afrilu ya ƙarato, lokacin da zafin garin nan yake haura digiri 40. Motata ta zo da injin lita 2.4 mai silinda huɗu, aka sauke shi aka ɗora V6 na lita 3.5, na kuma saya mata lagireton alminiyam mai layi biyu, wanda makanikai suke kira dabul-sel. A hanyar Gusau allurar zafi ba ta motsawa har Talata Mafara, amma da zarar na shiga cunkoson bakin babbar kasuwa da iyakwandishan a kunne, sai ta fara hawa. An ba ni shawarar in cire tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya yi zafi, in haɗa fanka dairek, sai dai hankalina bai kwanta da hakan ba.

Bakanike, Gwiwa:
Wa alaikumus salam. Alhaji, bayaninka ya riga ya nuna inda ciwon yake. Motar da take sanyi a kan babbar hanya amma ta ɗauki zafi a tsaye, iska ce ta yi mata kaɗan, domin a guje iskar hanya ce take ratsa lagireto, a cunkoso kuwa fanka kaɗai ke wannan aiki, kuma duk yadda lagireto ya ƙara kauri haka jan iska ta cikinsa yake ƙara wuya. An taɓa kawo mini mota irin taka, na buɗe bonet na tarar an ɗaure fanka da igiyar roba a jikin lagireto, an yar da kwandon da ke kewaye da ita saboda bai shiga ba. Da na kai hannu kusa, tsakiyar ce kawai take shan iska, kusurwoyi huɗun nan kuwa sai huci suke yi. Mun ƙera sabon kwando da falle, muka mai da fankar bayan lagireto tana jawo iska maimakon turawa daga gaba, allura ta koma mazauninta.

Ka gwada wannan da kanka: ka tsai da mota, ka kunna iyakwandishan, ka kara takarda a gaban kwandensa, wato ƙaramin lagireton iyakwandishan da ke gaban na inji. Idan ba ta manne ba, ko dai fankar ba ta da ƙarfi, ko an juya mata waya tana hura iska baya-gaba, kuma na sha ganin hakan. Babbar fanka tana iya jan amfiya 20 ko fiye, saboda haka tana bukatar rile da fiyus da waya mai kauri. Tamostat kuwa kada a taɓa shi. A yawancin injinan Toyota yana buɗewa wajen digiri 82, idan aka cire shi inji ba ya kai zafin aikinsa da safiyar hunturu, kwamfutar mota ta yi ta zuba mai fiye da kima.

Mai Golf mai turbo, Arkilla:
Malam ya yi gaskiya. Tawa tana da abubuwa uku jere a gaba: na'urar sanyaya iskar turbo, da kwandensa, sannan lagireto. Bayan hunturu na sa aka raba su, sai ga ƙura da ɓuntun ciyawa sun toshe tsakaninsu kamar bargo, alhali daga waje komai tsaf yake. A wanke daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi, domin injin wankin mota yana lanƙwasa siraran haƙarƙarin alminiyam.

Dattijo mai Marsandi, Runjin Sambo:
'Ya'yana, ni ban gamsu da alminiyam ɗin nan gaba ɗaya ba. Lagireton tagulla idan ya huje a hanyar Illela, mai walda zai liƙe shi da dalma ka ci gaba da tafiya, alminiyam kuwa sai mai waldar musamman. Abin da ya fi damuna shi ne ruwan da muke zubawa. Na ga lagireton da ruwan rijiyar burtsatse ya toshe wa hanyoyi da farin ɓawo, mai shi yana ta zargin fanka. Ina zuba ruwan sanyaya inji rabi da rabi da tataccen ruwa, kuma ina kula da murfi, domin murfi mai riƙe matsin da ya kai 1.1 bar yana hana ruwa tafasa sai ya kai wajen digiri 120, wanda robarsa ta mutu kuwa ba ya riƙe komai.

Mai Accord, Gawon Nama:
Masu giyar otomatik su duba kafin su biya kuɗi, ko sabon lagireton yana da bututun sanyaya man giya. Wanda aka fara kawo mini ba shi da shi, dole aka mayar.

Mai Camry, Mabera:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Malam, na kara takardar kamar yadda ka ce, ta zame ƙasa, kuma lallai babu kwando a jikin fankar. Shin fanka ɗaya babba za ta wadatar wa V6, ko in nemi tagwayen da suke zuwa da injin tun daga kamfani?