Muhawara: Shin Meta AI Ta Hana Yaranmu Tunani?

Daga zauren WhatsApp na wani ƙauye a ƙaramar hukumar Kura

Malamin Firamare: Salamu alaikum jama'a. Tun da Meta AI, manhajar nan mai amsa tambayoyi, ta shigo WhatsApp a 2024 yaranmu suka ajiye tunani. Ka ba yaro aikin gida, ya ari wayar yayansa, ya dawo maka da Turanci tsaf. Ka ce ya maimaita da bakinsa, sai sosa ƙeya.

Ɗalibin BUK (Jami'ar Bayero, Kano): Wa alaikumus salam. Allah gafarta Malam, ai satar amsa ta girmi waya. Ni gani nake ma tana koya wa mutane iya tambaya. Ka rubuta mata "tumaturina ba lafiya", kame-kame za ta yi maka. Dole ka faɗi kalar ganyen, kwana nawa da dashe, yaushe ka yi ban ruwa.

Sarkin Noma: Yaro, tambayoyin nan malamin gona yake mana tun ba a haife ka ba. Shi kuma tsugunawa yake ya juya bayan ganye. A 2016 da tsutsar nan sharon ta cinye tumatur a Kadawa, tsutsar cikin ganyen take shigewa tana ci ta ciki, ka yi ta feshi a banza. Wanda bai tsaga ganyen da farce ba, me zai rubuta?

Ɗalibin BUK: Baba, ana tura mata hoto.

Sarkin Noma: Da wane sabis? A gonata sai na hau kan gada waya ke shiga.

Ungozoma: Ku bar tumatur haka nan. Akwai tambayar da mace ba za ta iya yi wa likita namiji ba, balle surukarta. Yanzu a ɗaki take rubutawa, ba idon kowa. Wasu sun zo awo ne don Meta AI ta ce musu kumburin fuska da ciwon kai ga mai ciki ba na wasa ba ne, kuma gaskiya ta faɗa, alamar hawan jini ce. Masu ba ni ciwon kai su ne masu zuwa da sunan magani a rubuce, ko gwaji ba sa son a yi.

Na'ibi: Hajiya, nan ne tsorona. Imam Malik da girmansa ya shahara da cewa "ban sani ba". Ita wannan da wuya ka ji haka daga gare ta. Tambaye ta rabon gado, ta cakuɗa maka mazhabobi, har ta jingina magana ga littafin da babu ita a ciki.

Ɗalibin BUK: Wannan kam haka ne, Malam. Jera kalmomi take bisa abin da ta saba gani a rubuce, kuma rubutun Hausa bai taka kara ya karya ba a intanet. Shi ya sa nake cewa a bi diddiginta.

Malamin Firamare: Ɗan aji shida ne zai bi diddigi?

Sarkin Noma: To tambayar min ita, nawa kwandon tumatur ya kai yau a kasuwar Kwanar Gafan?

Ɗalibin BUK: Wannan sai dai ka kira dillalinka, Baba.