An ba ni teburin man shafawa a taron farkaswa, in karɓa ko in ƙi?

Rifkatu_mawaƙiya: Salama gare ku 'yan'uwa. Taron farkaswa na tafe a cocinmu, sai sakatare ya kira ni ya ce ni zan riƙe teburin bakin ƙofa, inda ake sayar da man shafawa da hankici da ambulan na "shuka iri", wato na sa kuɗi don neman albarka. Wai don an yarda da ni a kan kuɗi. Tun ranar, in na durƙusa addu'a sai bakina ya yi nauyi. Don Allah kada wani ya ce in bar cocin, maigidana yana cikin dattawan cocin. Kuma ba maganar zakka nake yi ba, ina fitar da tawa. Akwai wanda ya taɓa ƙin irin wannan aiki ya ci gaba da zama? Yaya ta kaya?

Ishaya77: Ki bar cocin kawai, 'yar'uwa.

MalamBitrus: Zakka umarni ce, Malakai 3:10. Masu gudun ta ne kullum suke neman dalili.

Rifkatu_mawaƙiya: Malam, na ce ba zakka ba ce.

MamaLadi: 'Yata, na taɓa ƙi. Na samu fasto shi kaɗai, ban yi a gaban mutane ba, na ce lamirina bai kwanta ba, a ba ni shara ko kula da yara. Ya ce to. Amma matarsa ta daina amsa gaisuwata, aka kuma cire ni daga masu ƙirga baiko ba tare da an ce mini kome ba. Har yau ina nan.

BabanAlheri: Ku bar ni in faɗi tawa, don ni ina gefen masu saye ne. Matata ta kwanta ciwon ƙoda. Aka ce mu ga wani "bawan Allah". Kafin ka gan shi sai ka sayi kati, kuma kati iri biyu ne, akwai na layi, akwai na shiga kai tsaye. Na sayi na kai tsaye. Ya ce asiri ne daga danginta, a daina kai ta wankin ƙoda don magani da bangaskiya ba sa haɗuwa, mu shuka irin da zai yi mana zafi a jiki. Na sayar da keken ɗinkinta, abin da take ciyar da mu da shi. Ana ba mu mai, ina shafa mata a ƙafafun da suka kumbura, ina karanta abin da aka rubuta mini a takarda. Ranar da ta kasa numfashi na kira shi, yaronsa ya ce yana kan dutse yana addu'a. Da muka koma asibiti likita ya tambaye ni me ya sa muka daina zuwa, na rasa ta cewa. Bayan jana'iza aka aiko mini saƙo wai bangaskiyata ce ta yi rauni. Matar da ta miƙo mini kwalbar nan mutuniyar kirki ce, har "Allah ya ba ta lafiya" ta ce. Fuskarta nake gani, ba tasa ba. Rifkatu, fuskarki za su riƙe.

MamaLadi: Wayyo. Ubangiji ya ta'azantar da kai, ɗana.

Ishaya77: Baba, faɗi sunansa!

BabanAlheri: Ba zan faɗa ba. Kuma ba na zuwa ko'ina yanzu. Da asuba nake rufe ƙofa in karanta Zabura, wani lokaci shiru kawai nake yi.

FastoY: Abin da aka yi maka zalunci ne, kuma mai hana mara lafiya asibiti ba makiyayi ba ne. Amma kada a ɗora laifin a kan mai. Yakubu 5:14 ya ce a kira dattawan ikkilisiya su yi addu'a suna shafa mai. Abin da babu a wurin shi ne farashi. Siman mai sihiri ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus ya ce ya hallaka tare da kuɗinsa, yana nan a Ayyukan Manzanni 8. Elisha ya ƙi kyautar Na'aman, Gehazi ya bi bayansa ya karɓa, ya koma gida da kuturta.

Saratu_K: To ai man zaitun ne na kanti. A wurinmu ƙaramar kwalba ninki uku ce na kuɗin kanti.

Ishaya77: Uku? Kin samu rangwame. Ni na gani ninki goma.

MalamBitrus: Ƙarya ce. Ba a sayarwa, kyauta ake bayarwa, mutum ya sa abin da ya ga dama a akwati.

Saratu_K: Malam, je ka ɗauka ba ka sa kome ba mu ga idon mai tebur.

Dogo_Habila: Ni na sayi babba, mu'ujiza ba ta zo ba, na soya ƙwai da sauran. Ƙwan dai ya yi albarka 😂

MamaLadi: Habila, mutum yana maganar rasuwar matarsa.

Dogo_Habila: Tuba nake, Mama.

MalamBitrus: Ina tausaya wa BabanAlheri, amma wanda ya daina zuwa sujada ba shi zai ba matar dattijo shawara ba. Ibraniyawa 10:25 ta hana barin taruwa.

Saratu_K: Wa zai ba ta, to? Masu cin abinci daga teburin?

FastoY: Saratu, ki bi a hankali. Ni albashi nake karɓa daga baikon jama'a, kuma Bulus ya ce masu shelar bishara su ci daga bishara, 1 Korintiyawa 9:14. Wutar lantarki da rufin coci ba da "amin" ake biyan su ba. Bambancin shi ne a cocinmu ana karanta lissafi a gaban kowa, kuma wanda bai ba da kome ba ana yi masa addu'a iri ɗaya da mai bayarwa.

ƊalibinTauhidi: Wannan rigima tsohuwa ce. A 1517 Martin Luther ya rubuta batutuwa 95 a Wittenberg ta ƙasar Jamus saboda takardun sassaucin horon zunubi da wani mai wa'azi, Johann Tetzel, yake tallatawa, kuma wani kaso na kuɗin na ginin majami'ar Bitrus ne a Roma. Yau mu da muke kiran kanmu jikokin Luther muna tallan hankici.

Monica_RC: Ka ƙarasa labarin mana. A 1567 Fafaroma Pius na biyar ya soke duk sassaucin da aka haɗa da biyan kuɗi. Mu mun rufe kasuwarmu, ku kuka buɗe sabuwa.

Ishaya77: An fara. Katolika da sauran coci, zagaye na ɗaya.

Rifkatu_mawaƙiya: Na gode duka. Mama Ladi, ke kaɗai kika amsa abin da na tambaya. Lokacin da kika ƙi, an taɓa mijinki? Nawa yana cewa in karɓa na wannan karo kawai, kada a ce gidan dattijo ne ke tayar da kai.

Saratu_K: Ni abin da ya fi ci mini rai ma ba mai ba ne, kujerun gaba ne. Mahaifiyata ba ta ji sosai, ta saba zama kusa da bagade, aka tashe ta wai layin na "abokan hidima" ne, wato masu alkawarin kuɗi duk wata. Fasto, Yakubu sura 2 fa, mai zoben zinariya da matalauci?

FastoY: Babu abin da zan kare a nan.

Dogo_Habila: Mu 'yan baya mun fi kusa da ƙofa, muna fita kafin baiko na uku.

MalamBitrus: Masu alkawarin ne suka sayi kujerun ai.

Saratu_K: Tubalin ginin kuma wa ya ɗauka a ka? Ita da 'yan zumuntar mata. Haka makarantar cocin, da baikonmu aka gina ta, yau 'ya'yan masu share cocin ba sa iya shiga saboda kuɗin makaranta.

Ishaya77: Wannan ita ce maganar! A wurinmu wai akwai ragi ga 'ya'yan mambobi, amma ban taɓa ganin wanda ya samu ba. Akwai wanda ɗansa ya samu a nan?