Ƙyallayen da masuntan Tailan ke ɗaurawa a goshin jirgi: ado ne ko aƙida?

Mai Neman Sani: Assalamu alaikum. A hotunan gaɓar tekun kudancin Tailan ina yawan ganin jiragen katako masu dogon goshi, an naɗe goshin da ƙyallaye ja da kore da rawaya, wani lokaci har da furanni. Ado ne kawai, ko akwai aƙida a ciki? Na ji cewa da yawa daga masuntan yankin Musulmi ne, shi ya sa abin ya ɗaure mini kai.

Ɗalibar Tarihi: Wa alaikumus salam, Malam. Masunta mabiya addinin Buda sun yi imani cewa kowane jirgi yana da wata iska mace mai tsaronsa, wadda suke kira Mae Ya Nang, kuma goshin nan ne mazauninta. Dominta ake ɗaura ƙyallen, a kunna turaren tsinke, a ajiye 'ya'yan itace kafin a fita kamun kifi, kuma ba a yarda kowa ya taka wurin ba. Tsohon imani ne da iskoki wanda ya cakuɗe da addinin nasu.

Baban Yara: Malama ta yi bayani, sai dai a lardunan Pattani da Narathiwat lamarin ya sha bamban. Masuntan can Musulmi ne 'yan ƙabilar Malay, jirginsu kuma sunansa kolae, wanda ake zane shi tun daga goshi har wutsiya da ganyaye masu murɗewa da launuka masu ɗaukar ido, har ana tserensa duk shekara a kogin Bang Nara. Galibinsu ba sa fita teku ranar Juma'a. A lardin Krabi kuwa za ka tarar da jiragen Musulmi ɗaure da ƙyalle, kuma a ganina bai kamata mu yanke wa mutum hukunci daga hoto ba, domin wani gadon kakanni yake bi kawai.

Ɗalibar Tarihi: Haka ne, Baba. Akwai kuma Urak Lawoi, wata ƙabila ta masunta a tsibiran Lanta da Phuket, waɗanda sau biyu a shekara, a lokacin da wata ya cika, suke sassaƙa ƙaramin jirgi, su zuba masa gashin kansu da farce da 'yan gumakan itace a madadin mutanen gida, sannan su sake shi a teku domin ya tafi da cuta da rashin sa'a.