Wa ya taso kusa da ƙaramar tashar jirgin ƙasa?

Ɗan Zakirai:
Assalamu alaikum jama'a. Yaranmu yanzu dogo kawai suke gani kwance cikin ciyawa, ba su san hidimar da aka yi a kansa ba. Duk wanda ya zauna kusa da ƙananan tashoshin nan na layin Kano zuwa Nguru, ya ba mu abin da ya gani da idonsa.

Tsohon leburan reluwe, Ringim:
Wa alaikumussalam ɗana. Ni gyaran dogo na yi har na yi ritaya. Jirgi ya shigo Kano a 1911, reshenmu kuma ya isa Nguru a 1930. Ba don mu Turawa suka shimfiɗa shi ba, don gyaɗa da fatu da ƙaro ne. Layi ɗaya ne tal, shi ya sa har ƙauye yake samun tasha: a nan dogo yake rabuwa biyu, jirgi ɗaya ya raɓe ɗan'uwansa ya wuce. Direba kuma ba ya motsawa sai shugaban tasha ya miƙa masa sandar izini. Fasinja su yi ta mita wai an shanya su a daji ba gaira ba dalili, alhali jirgin kaya ake jira. Da damina kuwa ba mu da barci. In ruwa ya zaizaye ƙasar ƙarƙashin dogo, da fitila da jar tuta muke fita, ko da tsakar dare ne.

'Yar Taura:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Mu talla muka sani. Inna takan dafa ƙwai da rogo tun da hantsi, mu jera a gindin darbejiya muna kasa kunne. Kafin ka ga jirgin za ka ji ƙarfen yana tsuwa. Da ya tsaya sai rububi, don 'yan mintoci ne, ciniki duk ta taga. Ka yi ɗage ka miƙa, a sako maka kuɗi. Akwai marasa tsoron Allah da za su yi ta laluben aljihu har jirgi ya ja, kina bin tarago da gudu kina kuka. Daga baya muka yi wayo, ba ma miƙa kaya sai kuɗi ya zo hannu. Abin da ya fi tafiya ma ruwan randa ne, ba abinci ba. Kwanukan ɗakina da kuɗin tasha aka saye su.

Ɗan Malam Madori:
Garinmu ai tasha ce ta raya shi. Dogo bai bi ta Haɗeja ba, don haka kayan ƙasar Haɗeja nan ake kawowa, a kan jakuna da a mota. Mahaifina ɗan dako ne, har ya rasu akwai kanta a wuyansa saboda buhun gyaɗa. Farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 su suka karya harkar, kwalta da tireloli suka ƙarasa.

Ɗalibi daga Gagarawa:
Ku yi haƙuri iyayena, ni ban ga abin kewa ba. Na taɓa shiga, tafiyar da mota ke yi kafin azahar muka wuni a kanta, ga zafi ga cunkoso. Gara sabon layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021, mai bi ta Kazaure da Daura da Katsina, da reshe zuwa Dutse.

Tsohon leburan reluwe, Ringim:
Yaro, wancan bai biyo ta ƙofar gidanku ba. Faɗinsa ma daban ne, milimita 1,435, namu 1,067, taragon wannan ba ya hawa wancan.

'Yar Taura:
Ƙanina, kai da jakar littattafai ka shiga. Je tashar mota da buhu goma na gero da tumaki biyu, ka ce Kano za ka, ka ji abin da ɗan kamasho zai yanka maka.