Wane suna za mu raɗa wa "pickup" na jita?

1/ Jama'a, ga wata kalma na kawo mu yi mata suna. A jikin jitar lantarki, ƙarƙashin tsirkiyoyi, akwai abin da Turawa ke kira pickup. Ba motar a-kori-kura ake nufi ba, don Allah.

2/ Mu ɗauki jitar Danelectro, wadda kamfanin Nathan Daniel ya soma ƙerawa a New Jersey ta Amurka a 1954. Jitar talaka ce, kantin Sears ya yi ta sayar da ita da sunan Silvertone. Firam ne na katako mara nauyi, aka rufe gaba da baya da Masonite, wato dusar katako da aka matse ta zama allo, irin na bayan kabad. Ciki fayau, gefe an liƙe da leda. Wata ma da ta fito a 1962, amfilifayarta, wato na'urar ƙara mata sauti, na cikin akwatinta.

3/ Shi kuwa abin da muke nema wa suna, a wannan jitar kwanson jambaki ne na ƙarfe. Siririyar wayar tagulla aka nannaɗe a sandar maganaɗisu, aka cusa ciki. Shi ke nan.

4/ Wasu za su ce "makirufo". A'a. Makirufo iska yake saurare, wannan kuwa ba ruwansa da iska. Tsirkiyar ƙarfe ce ke kaɗawa a gaban maganaɗisun, sai 'yar wuta ta samu a wayar, ta wuce amfilifaya. Ɗaura masa tsirkiyar roba ka ji, shiru kake ji. Nan "kunnen jita" ma ya faɗi, duk da daɗinsa a baki. Ni da za a bi tawa, a bar wa maɓallan saita tsirkiya wannan sunan, tunda su ake murɗawa.

5/ "Maganaɗisu" rabin zance ne, in ba waya ba sauti. "Maɗauki" kuma Turanci ne aka sa wa hula.

6/ Nawa zaɓin shi ne matatsi, jam'i matatsai, don tatsar wuta yake daga motsin tsirkiya. Ku gwada a baki: "Jitar nan matatsanta biyu ne." "Matatsin jambakin ya mutu, sai an sake naɗi."

Makaɗa da masu gyaran kayan sauti, ku me kuke ce masa a shago? In akwai sunan da ya riga ya zauna a bakinku, ku faɗa mana.