Wa Ya Kai Kakata Juji?

Ɗiyar Birni:
Salamu alaikum 'yan zaure. Ran Alhamis mai zuwa za a yi sunan ɗiyar ƙanena, kuma wajen shawarar suna aka tuno da kakarmu, Allah ya jiƙanta. Akwai tambayar da ta daɗe tana ci mini rai. A amsa mini da waƙa.

Da sunan Allah zan fara batuna,
Shi ya koya wa Adamu kowane suna.

Kakata Hajara ce ranar yanka,
Rago ya faɗi, liman ya yi raɗin suna.

Amma Birni kaf ba mai ce mata Hajara,
Ajuji ake kira, har 'yan ɗakina.

Juji fa wurin zuba shara ne da toka,
Wa zai kai ɗiyarsa can, 'yan'uwana?

Na yi dambe a lakwal saboda sunan nan,
Na koma gida da hawaye a idona.

Ta rasu ban tambaye ta dalili ba,
Ku ba ni amsa ku sanyaya raina.

Inna ta Zango:
Share hawayenki, ɗiyata. Na tsufa a aikin ungozoma, na san ɗakin da sunan nan yake fitowa.

Ba ƙi ba ne, ɗiyata, ba raini ba,
Tsoro ne ya haifi sunan, shi da ƙauna.

Mace ta haihu ta binne, ta sake ta binne,
Wabi ke nan, ciwon da ya fi wuta ƙuna.

Nono na zuba, zanen goyo na ninke,
Dare ya raba tana jin kuka, ba ta kwana.

In ta sake sauka, sai tsofaffin gida
Su ɗauki jinjirar tun ba ta da suna,

Su kai ta juji su ajiye kamar shara,
Wata ta tsinto ta, ta ce wannan rabona.

Wai in mutuwa ta zo ta ga abin yarwa,
Ta wuce abinta, ta ce ba ya gabana.

Haka Ayashe, haka Bawa da Baiwa,
Barmani kuwa roƙo ne: a bar mini ɗana.

Je ki tambayi dattijan gidanku,
Yayyenta nawa ƙasa ta rufe kafin ta zauna.

Almajirin Garin Malam:
Inna, Allah ya ƙara girma. Sai da na goge ido kafin in rubuta wannan. Amma ki yi mini izini in ɗan ja linzami, kuma zan sauya amsa-amo.

Inna kin faɗi abin da ke zuciyar uwa,
Amma juji bai taɓa korar ajali ba.

Wanda ya rayu, kwanansa ne ke gaba,
Ba don an ɓoye shi a bayan toka ba.

Haƙƙin ɗa ne uba ya zaɓa masa mai kyau,
Manzo bai ƙyale mummunan suna ba.

Abdullahi da Abdurrahmani, hadisi ya ce
Allah ya fi son su, ba mu ji na biyunsu ba.

Kuma Hausa ta iya yi wa suna ado,
Abubakar ne Habu, shi ne kuma Garba.

Barebarin garin nan su ce masa Bukar,
Mutum ɗaya ne, ba wani aka sauya ba.

Umaru Sanda, Musa kuwa Kalla,
Daga Kalimullahi, ba daga kallo ba.

A'isha Indo, Hauwa Kulu, Hadiza Dije,
Wanne cikinsu bai yi daɗin kira ba?

Lawali na fari, Sani na biyu, Salisu na uku,
Ƙirga ce ta Larabci, ba a rikita ta ba.

Uba ya sa wa 'ya'yansa duka Muhammadu,
Lamba ta raba su, ba su rasa albarkar ba.

Inna ta Zango:
Malam, ban musa maka ba ko kalma ɗaya.

Hajara aka yanka wa rago, ka ji da kyau,
Ajuji kukan uwa ne da ya zama suna.

Ni ma yau ba zan kai jinjiri juji ba,
Likita zan kai shi, in roƙi Ubangijina.

Amma kar a yi wa matan da dariya,
Abin da suka binne ya fi ƙarfin bakina.

Tsohon Mushe:
Hajiya da Malam, kun riƙe gida da masallaci. Ni bari in shigo ta ƙofar takarda, don nan na ƙare ƙuruciyata.

Na yi shekara 30 da alli a hannu,
Sunaye dubbai na kira, na rubuta.

Tun 1899 da Faransa ta shiga Birni,
Bakinmu da alƙalaminsu suka bambanta.

Mu ce Damagaram, takarda ta ce Zinder,
Nan ne fadar mulkin Nijar har 1926, kar mu manta.

Usmanu ya koma Ousmane, Yusufu Issoufou,
Shu'aibu Chaibou, sai ɗan lakwal ke karanta.

Suka ce kowa ya kawo sunan zuri'a,
Mu ko ɗa sunan uba yake ja, ɗiya ma na uban nata.

Shi ya sa jika da kaka ba sa haɗa suna,
Kowane hawa sai takardar ta sauya kamanninta.

'Yan'uwa a Najeriya wasu gari suka ɗauka,
Shagari, Tafawa Ɓalewa, mahaifa aka girmama ta.

Ciroma, Galadima, Yarima, daga Barno suke,
Sarautu ne, fadar Damagaram ta mai da su nata.

Abin da ke damuna, rajista ba ta da gurbi
Na Ajuji ko Barmani, layi biyu ne iyakarta.

Sunan da ya goyo labarin uwa da hawayenta
Yana bakin tsofaffi, in sun tafi ya ɓata.

Ɗan Kasuwar Dole:
Gaisuwa ga manya. Ni ban yi zurfi a karatu ba, amma Yaya, akwai abin da ya wuce ki a lissafi.

Yaya kin ce suna ran Alhamis,
To ran Alhamis ke nan aka yi haihuwa.

Lami ce tun kafin a sayo rago,
Ta zo da sunanta ranar cikar kasuwa.

Ladi da Ɗanladi 'yan Lahadi ne,
Altine Litinin, Talatu na biye da zuwa.

Balarabe da Larai 'yan Laraba,
Jummai, Asabe, mako ya kai ga cikawa.

Ni Tanko ne, mata uku ke gabana,
Mai bin maza Kande ce a kowace unguwa.

Gambo na bin tagwaye, Auta ya rufe ƙofa,
Cindo yatsa shida, Anaruwa ana ruwa.

In ka ji Audi, yi shiru ka yi addu'a,
Ubansa ya rasu kafin ranar haihuwa.

Ɗiyar Birni:
Na bi maganar Inna. Bayan la'asar na tarar da Baffa kan buzunsa gindin bedi, na durƙusa na tambaye shi. Bai ce komai ba da fari. Sai ya ajiye carbi, ya shiga lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a na huɗu.

Huɗu, Inna, huɗu ƙasa ta karɓa,
Ta biyar ce ta tsaya, ta haifi babana.

Da na sani da ban yi dambe a lakwal ba,
Da na amsa da ƙarfi: i, ita ce tushena.

Malam, na ji, Hajara za a raɗa wa jinjira,
Shawarar ta zauna tsakanin Baffa da ƙanena.

Su Baba ba sa iya faɗin sunan uwarsu,
Ummi za su ce, haka kunya take a gidan ubana.

Tanko, kai ka ce Lami, ba mai hana ka,
Ka zo da dabino, goron yana wurina.

Mushe, na sayi littafi sabo yau da safe,
Na sa Ajuji a shafin farko da hannuna.

Ƙarƙashinsa na bar layi huɗu ba rubutu,
Baffa zai tuno mini su in ya kwana.

Alhamis bayan asuba, cikin Birni,
Dab da ganuwar Sarki Tanimu za a yi suna.

Inna ta Zango:
Zan zo tun kafin wanzami ya iso. A bar mini jinjirar, ni zan riƙe ta wajen aski.